Fashi a Amyar Babanki

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwar da ta daɗe ba ta sa 'yarta a ido ba. Yaya jikin, yaya nauyi? Ina fata kumburin ƙafar nan da kika faɗa min ya sauka, kuma kina cin abinci ko da ba ya miki daɗi. Yaya maigidanki da surukarki? Ba na idar da salla ban roƙa miki Allah ya sauke ki lafiya ba. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar babanki ta fara haɗewa, amma likita ya ce sai ya ƙara sati shida a kwance kafin a cire ɗaurin. Gwaggonki tana nan tare da mu, tana yi masa hidima tana yi masa faɗa, yadda suka saba tun suna yara.

Na yi miki alkawarin zan hau mota ranar Asabar in zo in zauna da ke har ki haihu. A kan wannan maganar nake rubuto miki. Na ƙi kiran waya ne don na san kaina, da na ji muryarki zan ce komai lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san sai da furfura ta fito hannun nan ya san biro.

Tun ranar da babanki ya faɗo daga tsani, amyoyin zumarsa biyar na bayan gidanmu suka dawo hannuna, ni da shekara talatin ban taɓa matsawa kusa da su ba sai dai in miƙa masa bokiti daga nesa. Yanzu fure ya ƙare ko'ina, ƙudan zuma ba su da abin ɗauka. Sai na lura Tsohuwa, amyar nan ta gindin katanga wadda ya fara da ita, ƙudanta sun yi ƙaranci, masu fita ma kamar ba su da ƙarfi. Tausayi ya kama ni. Na dama sukari da ruwa a babban faranti, na kai na ajiye a gaban ƙofarta, na dawo ɗaki ina jin na yi abin kirki. Ban tambayi kowa ba, don ina so in ba shi labari bayan ta farfaɗo.

Kafin azahar bayan gidanmu ya yi baƙi da ƙudaje. Ashe ƙamshin ya kira duk wani ƙuda mai jin yunwa, kuma da suka shanye na faranti sai suka faɗa wa amyar kanta. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Biyu-biyu suke rungumar juna a bakin ƙofa suna birgima har ƙasa, wasu suna bin kowace tsaga ta katako suna neman hanya. Masu fitowa sun yi nauyi da zumar sata, sai sun hau jikin amyar kafin su iya tashi. Ƙasa kuwa gawa ce da ɓarɓashin kaki kamar an zubar da dusa.

Babanki daga kan gado ya gane, taga a rufe. Ya ce wannan ba kukan aiki ba ne, kukan fashi ne, me aka ajiye a waje? Ina ta kame-kame, gwaggonki ta ce ai matarka ce ta buɗe wa ƙudaje gidan abinci kyauta. Da ya yi min faɗa da na fi jin daɗi. Cewa ya yi in ɗauko littafinsa mai jan bango in buɗe shafi na huɗu. Na bi da yatsa a hankali, ga shi nan da manyan baƙaƙe ya rubuta kada a taɓa ba su ruwan sukari a fili lokacin da babu fure. Littafin nan kullum ina goge masa ƙura a kan tebur. Ni da na yi shekara biyu ina zuwa ajin manya don in iya karatu, ranar da karatun zai yi min amfani ban buɗe ba.

Daga ranar ya zama shi ne baki, ni ce hannu. Na sa rigar aikinsa mai raga a fuska, na naɗe ƙafar wandon sau uku, gwaggonki tana leƙe ta labule tana cewa ga buhu ya yi ƙafa. Na ɗauke farantin na wanke wurin. Na rage ƙofar amyar da guntun katako har ta zama ƙuda ɗaya kawai ke iya wucewa, don masu gadin ciki su iya tsare ta. Na liƙe tsagogin da laka. Na so in yi hayaƙi, ya ce kul, hayaƙi masu gadin zai kwantar, ɓarayin su samu hanya. Sannan na jiƙa babban zanin gado na lulluɓe amyar har ƙasa. 'Yan gida suna gane hanya ta ƙarƙashi, baƙi kuwa su yi ta yawo a sama su gaji. Amma da zarar zanin ya bushe sai su dawo. Don haka daga hantsi har faɗuwar rana, kusan kowace awa sai na sa rigar nan na fita da buta.

Yau kwana tara ke nan ban taka bakin titi ba. Tagogi a rufe, mun toshe ƙasan ƙofa da tsumma, zafi kamar a cikin tukunya. Wanki a ɗaki muke shanyawa. Shayi ma a ɓoye muke sha, a wanke kofi nan take. Mai kawo mana ruwa ya ce shi daga bakin ƙofa aikinsa ya ƙare. Gwaggonki ta fita sau ɗaya ɗauko tsintsiya, ɗaya ya harbe ta a leɓe, bakin ya yi kwana biyu a kumbure. Babanki ya ce tun da aka haife shi bai taɓa samun hutu irin na kwana biyun nan ba.

Akwai wani abin kunyar kuma. Kin san kafintan da ke maƙwabtaka da mu yana da amya biyu. Na tsaya ta kan katanga na ce wa matarsa su ɗaure ɓarayinsu, za su kashe wa mara lafiya dukiya. Ta ce to Inna, a wuya ake ɗaure su ko a ƙafa? Da babanki ya ji, sai ya ce in ɗebi garin fulawa in barbaɗa wa masu fitowa daga Tsohuwa, in bi da ido in ga inda fararen za su shiga. 'Yata, ko katanga ba su tsallaka ba. Taku goma suka yi suka shige amyarmu ta ƙarshe, mai ƙarfin nan da yake kira Sojoji, wadda daga jikin Tsohuwa ya raba ta shekara uku da suka wuce. Na ja ƙafa na je na ba matar kafinta haƙuri. Mijin ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari kuma ya kawo min 'yar ƙofar raga da ya haɗa, ya kafa da kansa. Mutumin kirki ne, amma shagonsa yake wuni, ba zai iya zaman jiƙa zani ba.

Fashin ya ragu, bai ƙare ba. Ba mu san ko sarauniyar ƙudan Tsohuwa tana da rai ba, kuma ba dama a buɗe a duba, don ƙamshin zai dawo da su gaba ɗaya. Abincinta yanzu sai rana ta faɗi nake zura mata ta ƙarƙashin murfi, kaɗan-kaɗan. Shekaranjiya da safe na ga guda uku sun shiga da garin fure a ƙafafunsu, ban san inda suka samo ba. Babanki ya ce alama ce akwai 'ya'ya a ciki. Ya ce idan aka riƙe ta har itatuwan lemon bayan layi su yi fure, sati biyu ko uku, kowa zai kama gabansa.

Jiya ya kira ni ya ce in shirya in tafi ranar Asabar, 'ya ta fi ƙwaro. Bango yake kallo da ya faɗa. Amma ni ce nake ɗauke kwanonsa. Tun da ya faɗi ba ya cin rabin abin da aka zuba masa, ba ya son magana, sai da wannan yaƙin ya taso ya fara cinyewa yana ba da umarni. Kowace safiya sai ya ce in ɗan buɗe taga kamar faɗin yatsa ya saurari Tsohuwa. Gwaggonki ta rantse ko za a yanka ta ba za ta sa rigar nan ba. Idan na tafi, kwana biyu ya isa ɓarayin su ƙarasa Tsohuwa, kuma yana kwance zai ji lokacin da za ta yi shiru. Ni na jawo, ba wani ba. In na juya nan in gan ki ke kaɗai da cikin fari a garin mutane, in na juya can in gan shi.

Don haka ba zan zo ranar Asabar ba. Na yi magana da ƙanwata, innarki ƙarama, ita za ta hau motar a madadina, da kayan jaririn da na ɗinka. Ta fi ni ƙarfi, ta kuma karɓi haihuwa ta fi sau goma. Ni kuma ranar da lemon nan ya buɗe, ko tsakar rana ce, zan cire rigar in taho. In naƙuda ta riga furen, ki sa a kira ni, zan bar zanin ya bushe.

Abu ɗaya nake roƙonki, kuma na san ba ƙarami ba ne. Na ce wa babanki ke kika ce in dakata, wai ungozoma ta ce da sauran lokaci. In ya san don shi na zauna, zai sa a zuba min kaya a mota ko da daga kan gado ne. Zai kira ki, na sani. Ki yi fushi da ni yadda kike so, kina da gaskiya, amma shi ki ce masa haka ne.

Ki gaishe min da maigidanki, ki ce na ba shi amanarki. Ki gaida surukarki da kyau, ki ba ta haƙurin rashin zuwana. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa tafiya da yamma kada ki zauna wuri ɗaya. Kawunki da iyalinsa duk suna gaisuwa. Allah ya raba ku lafiya, ya sa in zo in same ki da ƙafafuna.

Ni ce,
Mahaifiyarki