Na'urar da Ba Ta da Baki

Tudun Wada, Zariya
6 ga Mayu, 2024

Aminina Chidi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Chidinma da yara, kuma Legas ba ta gama cinye ka ba. Mu nan sai godiya. Mama mahaifiyarka tana nan ƙalau, jiya ma na wuce ta rumfarta a kasuwa tana yi wa mai kawo mata manja faɗa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Na san halinka a waya. Kafin in kai ga magana ka sa ni dariya, sai in kashe ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Yau kuwa so nake in faɗa.

Saƙo ya iso ranar Asabar. Na share shago, na shimfiɗa sabon ƙyalle a teburi, har na cika wa samarin layi baki cewa ga sabuwar na'urar gem, ta wasa a talabijin, nan tafe, wadda babu irinta daga nan har Gyallesu. Aka buɗe kwali a gabansu, na ɗauko faifan ƙwallo zan saka. Na duba gaba, na duba baya, na kifa ta. Chidi, ba ta da baki. Babu inda faifai zai shiga. Da kunya na mayar da ita kwali.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, kuma kai ka sa ni a ciki ranar da za ka tafi Legas ka bar mini tsofaffin na'urorinka biyu. Ka fi kowa sanin gidan gem faifai ne. In ba wa Auwal mai gidan gem a Dutsen Abba faifan dambe, ya ba ni na tseren mota, bayan mako mu yi musaya. Da can benci uku ba ya isar mu, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba ya koma layi. Yanzu yini nake ina korar ƙuda, kuma wannan na'urar ce na sa ran za ta dawo mini da su.

Ban ce ina zarginka ba. Amma a jikin takardar da ke cikin kwalin akwai hoton wata irinta sak, ita da bakinta. Wa ya buɗe kayan nan kafin su baro wurinka?

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yero


Alaba, Legas
13 ga Mayu, 2024

Ɗan Malam,

Ina amsa gaisuwa. Chidinma ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana tsoron barkonon miyarta. Da direba ya miƙo mini ambulan na ɗauka sammaci ne daga kotu.

Ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya taɓa kayanka. Haka kamfanin ya ƙera ta. Iri biyu suke yi, mai baki da marar baki, kuma marar bakin ita ake yayi. Ba ka bukatar faifai. Ka haɗa ta da intanet, ka buɗe rajista da sunanka, ka sayi wasan a can, ya sauko ciki ya zauna. Babu karcewa, babu "wane ya ari faifaina bai dawo da shi ba". Turawa sun ce zamanin faifai ya wuce. Kai ne dai tun muna firamare ba ka son canji, wa ya yi kuka da aka sauya mana benci a aji huɗu?

Ni da kaina na zaɓe ta, na gwada ta da hannuna kafin a rufe kwali. Yaran nan za su dawo, har sai ka ƙara benci.

Abu ɗaya: akwai ɗan tambarin kamfani manne a ƙasanta. Kada ka bari kowa ya ɓare shi. Na san ku mutanen Tudun Wada, ko agogo aka ba ku sai kun kai wa mai gyara ya buɗe kun ga hanjinsa.

Ka gaida Yaya Saudatu, ka duƙa ka gaida mini babanku Malam. In ka bi ta kasuwa ka ce wa Mama ta rage faɗa.

Naka har kullum,
Chidi


Tudun Wada, Zariya
27 ga Mayu, 2024

Chidi,

Bayan gaisuwa. Na yi duk abin da ka ce.

Na buɗe rajista. Ta nemi katin banki, nawa ya ƙi shiga, sai da na roƙi wani ɗan jami'a ya yi mini da nasa. Wasan ƙwallo guda ɗaya kwana uku yana saukowa, ana ɗauke wuta yana tsayawa, ina tayar da janareto domin na'urar da babu mai buga ta. Da ya gama na ce alhamdu lillahi. Washegari samari huɗu suka zo, na kunna, sai ta ce ba za ta buɗe ba sai ta sabunta kanta. Suka zauna minti ashirin suna kallon wani layi yana rarrafe a talabijin, sannan ɗaya ya zaro waya, sauran suka kewaye shi, suka fice.

Ka ce Turawa sun ce. To su Turawan wa suka tambaya? Na ga alama wanda suka ƙera wa abin nan mutum ɗaya ne a ɗakinsa, da wutarsa da ba ta ɗaukewa, yana wasa da wani ƙato a wata ƙasa da bai taɓa gani ba. Mu nan mutum goma sha biyu ne kan na'ura ɗaya, kuma daɗin abin shi ne ka ci mutum yana gefenka ka yi masa tsiya. Kamfanin da ya kai wannan girma ba zai rasa sanin haka ba. Shi ya sa maganarka ba ta kwanta mini ba.

Ga kuma wani abu. Ka ce ka gwada ta da hannunka. Da na kunna ta ranar farko, tambayata ta yi wane harshe nake so, kamar jaririn da bai taɓa buɗe ido ba. Wayar wutarta ma da ƙullin kamfani na same ta. Da me ka gwada ta? Auwal ya ce a can Legas akwai masu cire bakin su sayar daban, su toshe wurin da roba, su goge komai na ciki. Ban ce na yarda ba, amma biri ya yi kama da mutum.

Raina ya ɓaci, gara in faɗa maka. Tun muna yara ban taɓa auna maganarka ba, yau ga ni ina aunawa.

Wassalam,
Yero


Tudun Wada, Zariya
10 ga Yuni, 2024

Ƙanena Chidi,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida iyalinka. Yayarku ce Saudatu. Yero bai san na rubuto ba. Gara ka ji daga bakina kafin ka ji a bakin 'yan kasuwa, in ma ba ka riga ka ji ba.

Ranar Alhamis ƙanin nan nawa ya ɗauki na'urar ya kai wa Muntaka mai gyaran rediyo ya buɗe. Da shi kaɗai ya je da ba ka ga wasiƙata ba. Amma ka san gidanmu. Tun muna ƙanana muke jin Malam yana cewa ba a tuhumar mutum sai da shaidu biyu. Shi kuma Yero, wai don kada a ce ya yi maka rashin adalci, sai ya ɗauki ɗaya daga kowane ɓangare: Malam Nagoda ladanin masallacinmu, da Innocent mai kemis, wanda suke coci ɗaya da Mama. A ganinsa ya kyauta ke nan.

Innocent ya ce masa, "Yero, in aka ɓare wannan tambarin ba a karɓar kaya fa."

Ya ce, "Gani ya kori ji. Muntaka, ɓare."

Muntaka ya kwance ta, ya haska fitila, ya juya, ya ƙara juyawa. Can ya ce, "Malam Yero, ba a cire komai a nan ba. Ko wurin da za a ce abin ya taɓa zama babu. Ni ne mutum na farko da ya ga cikin nan."

Yero ya mayar da ita kwali ya dawo shago. Amma magana zarar bunu ce. Kafin la'asar masallaci ya ji, ranar Lahadi coci ta ji. Kuma ba sakamakon mutane suka riƙe ba, abin da suka riƙe shi ne an tara shaidu a kan ɗan Mama. Wata mai sayar da kubewa ta tambaye ta ko gaskiya ne an kama ka da kayan sata a Legas. Matar da ta shekara arba'in a kasuwar nan ba a taɓa nuna ta da yatsa ba, ranar Litinin ba ta buɗe rumfa ba. Na je gida na same ta, ta karɓe ni da mutunci, amma ba ta tambayi Yero ba.

Na yi masa tatas. Na ce masa samarin da yake nema ba wanda ya sace su, suna nan ƙarƙashin dalbejiyar bakin layi, kowa da wayarsa, suna harbin juna a gem suna ihu, ba mai ce musu lokaci ya cika. Ni kaina, malamar makaranta da furfurata, ludo nake bugawa a waya da ƙawata ta Kaduna in na gama duba littattafan yara. Masu ƙera na'urar suna can suna yi wa mai ɗakin kansa da katin banki ado, mu kuma mun riga mun wuce ta wata hanya. Shi dai ya fi son a ce wani ne ya cuce shi, domin wannan yana da magani.

Amma kai ma, Chidi, ina da tambaya. Na karanta wasiƙarka. Na san muryarka in kana wasa, na kuma san ta in kana wasa don ka rufe wani abu. Mene ne?

Allah ya shirya tsakaninku.

Yayarka,
Saudatu


Alaba, Legas
19 ga Yuni, 2024

Malam Yero,

Ina gaisuwa. Wasiƙar Yaya ta same ni, amma Mama ta riga ta. Kuka take a waya, da Hausa, domin ta ce da Hausa aka ci mata mutunci.

A gidanku na koyi cin tuwo da hannu. Malam ne ya raka gawar babana har bakin mota. Da ka kira ni ka zage ni, da mun gama a ranar. Sai ka tara mini ladan da mai kemis. Ban san ranar da zan daina jin zafin wannan ba.

Yanzu ga amsar Yaya, kai ya kamata in ba.

Ban gwada na'urar ba. Ban ma gan ta ba. Wata takwas ke nan da na bar sayar da kayan gem. Waya nake sayarwa, da caja, da abin saƙalawa a kunne. A layinmu mu tara ne masu gem, saura biyu, su ma 'ya'yan masu hali suke jira. Da ka ce in samo maka sabuwa, maƙwabcina na ce ya sa ɗaya a kwali ya ba direba. Ban tambaye shi mai baki ce ko marar baki ba. Da wasiƙarka ta zo na gane kuskuren, sai kunya ta sa na yi maka surutun Turawa.

Kuma ko mai bakin ce aka aiko, ba za ta cika maka benci ba. Yawancin sababbin faifan ma sai sun nemi intanet kafin su tashi. Na san haka tun bara. Kamfanonin nan ba su san akwai Tudun Wada ba, kuma ba sa neman sani. Na kasa gaya maka ne saboda ni na sa ka a sana'ar. Ka bar karatun difloma saboda ita, Malam ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwarka, ni kuma daga Legas ina cewa ka daure, gaba ta fi baya. Da wane baki zan ce maka na tsallake na bar ka a ciki?

Hancinka bai yi ƙarya ba, ka shaƙi wani abu. Wurin da ka tona ne ba nan ba ne. Ni ba ɓarawo ba ne, Yero. Maƙaryaci ne na wata takwas, kuma ina neman afuwa a kan wannan kaɗai.

Na'urar ba za ta koma ba tunda an ɓare ta. Wannan ni zan ji da shi. Maganar Mama kuwa tana hannunka.

Ka gaida Malam da Yaya.

Chidi


Tudun Wada, Zariya
1 ga Yuli, 2024

Chidi,

Bayan gaisuwa. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, na je rumfar Mama na durƙusa a gaban buhunan gari. Na ɗaga murya yadda mai kubewa za ta ji, na ce ɗanta bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba, ni ne na yi zato. Ta bar ni a ƙasa har gwiwata ta yi tsami, sannan ta ce in tashi in ɗauko mata jarkar manja daga mota. Na ɗauko.

Wannan nawa ne, na sauke. Naka kuma ka ba ni lokaci.

Na karanta wasiƙarka sau uku a shago, babu wanda ya shigo ya katse ni. Wallahi da na so a ce cire bakin ka yi. Da sai in sayi wani, Muntaka ya mayar.

Ka gaida Chidinma da yara.

Yero