Kaciyar Abdulgafar

An yi wa Abdulgafar kaciya, Najiba, kuma jinin ya tsaya! Ya tsaya cak! Yanzu haka ga shi can tsakar gida yana korar zakaran Hajiyarku, ita kuma tana yi masa tsawa kada ya faɗi.

Yi haƙuri ɗiyata, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Yahya, da fatan Fatakwal tana karɓarku. Hajiyarku ta shaida mini halin da kike ciki, Allah ya sauke ki lafiya. Mu nan Daudawa sai godiya, masara ta shiga rumbu, dawa ma ta yi kai.

Kin san yadda yaron nan na yayarki Suwaibatu ya taso. Ɗan tuntuɓe kaɗan, sai gwiwa ta kumbura kamar tulu. Haƙori ya fita, jini ya wuni yana zuba. Sa'o'insa duk an yi musu kaciya sun sa bante, shi yana nan, har ya daina bin su rafi saboda tsiyar da suke yi masa. Mani wanzami, wanda tun kakanninsa su ke yi wa gidanmu aski da kaciya, ya yi ta sintiri yana cewa mun raina askarsa. Hajiyarku ta ce sai dai a bi ta kanta, domin ƙanenta a kaciya jini ya tafi da shi tun suna yara, aka ce mayu ne.

Ashe ba mayu ba ne. Da muka kai yaron babban asibiti a Zariya aka gwada jininsa, suka ce ciwon sunansa himofiliya. Akwai abin da ke sa jini ya daskare, shi nasa bai kai ba, kuma ta wajen uwa yake bin 'ya'ya maza. Wata nas mai haƙuri ta zaunar da mu ta yi mana karatu. Ta ce in gwiwa ta kumbura, ban da gashi da ruwan zafi, ban da ƙaho, ban da murza. A sa ƙanƙara, in babu a jiƙa tsumma da ruwan randa, a ɗaga ƙafar, a nufo asibiti. Asfirin kuwa ko kyauta mai kemis ya ba mu kada mu karɓa. Karatun yamma da na yi da furfura a kaina ranar ya yi mini rana, don da hannuna na rubuta komai, ko da yake ta yi dariyar yadda na rubuta sunan ciwon.

Da aka sa ranar kaciyar, sai na ce ba za a yi ta a bayan idon Mani ba, haƙƙinsa ne. Na tafi da shi asibitin. Ya zauna bakin ƙofa da zabirarsa a cinya, fuska a murtuke, yana cewa shi bai taɓa ganin kaciyar da ake farawa da allura a hannu ba. Allurar kuwa ita ce maganin da ke daskarar da jinin. Sun yi wa yaron kafin aiki, suka ci gaba da yi har wurin ya kama. Da Mani ya leƙa ya ga ƙyallen da aka ɗaure wurin da shi fari fat, sai ya cire hula ya yi ta salati. Nas ɗin nan ba ta ƙyale shi ba, shi ma sai da ta yi masa nasa karatun. Yanzu duk gidan da aka kira shi, daga nan har Yankara, ba ya zare aska sai ya tambayi ko a dangin uwa akwai wanda jininsa ba ya tsayawa.

Ke ma ki riƙe wannan, don ku da Suwaibatu ciki ɗaya kuka fito. Ki gaya wa likitocinku tun yanzu. In Allah ya kawo namiji, kada wanzami ya taɓa belinsa, kada a yi masa ko tsaga ɗaya, sai an gwada jininsa.

Shi kuwa angon, tun da ya miƙe ya hana ni sakat. Wai yanzu ya zama cikakken namiji, in saki Hajiyarku ya aura, tunda ni haƙorana sun ƙare. Na ce ya fara koyon ɗaure wando tukuna.

Hajiyarku da Suwaibatu suna gaishe ku, haka baffanki Audi na Sabuwa da gwaggonki Hajaratu ta Ƙanƙara. Ki gaida Malam Yahya da kyau. Daga mahaifinki, Malam Badamasi Daudawa.

Bayan an girbe dawa za a sa masa bante, Mani ne zai ɗaura, ni kuma na ware tunkiya da kaji. In jikinki bai yarda da hanya ba, ki turo Malam Yahya da duk wanda mota za ta ɗauka. Kowa ya zo. Ku zo ku ga Abdulgafar da idonku, ranar da zai koma rafi cikin sa'o'insa!