Idon Hagu na Yaya Osvaldo

Talata, 13 ga Maris, 1956
Sabuwar motar ta iso garejinmu na Teramo. Ja ce, ba rufi, sitiyari a dama. Maigida Tarquini, mai ƙungiyar tserenmu, ya zagaya ta sau uku bai taɓa ta ba. Tsere biyar ne bana. Yaya Osvaldo zai tuƙa, ni a hagunsa da taswira da sifana, kamar yadda muka yi shekara shida.

Asabar, 17 ga Maris
Gwaji a hanyar tsauni. Yaya ya goga gefen hagu da katangar gada, fenti ya tafi. Ya ce birki ne ke ja gefe. Na kwance birkin kaf da rana. Lafiyarsa lau.

Lahadi, 25 ga Maris
Taliya a gidan Mamma bayan coci. Yaya ya zo zuba mini ruwan inabi, sai ya tsiyaya a kan tebur, gefen kofin. Aka yi dariya. Nives, matarsa, ita kaɗai ba ta yi ba.

Litinin, 9 ga Afrilu, Palermo
Na uku muka zo jiya a tseren zagayen tsibirin Sisiliya. Kowa na murna, ban da ni.

Bayan garin Enna ne abin ya faru. Mutane sun cika bakin titi, wata tsohuwa ta leƙo daga hagu har ƙafarta ɗaya na kan kwalta. Muna gudun kilomita ɗari da sittin. Na jira Yaya ya kauce mata, bai kauce ba. Na fizgi sitiyarin da kaina. Na ga haƙoranta, iyakar kusancin ke nan.

Yau da safe a bakin tashar jirgin ruwa na tsare shi. Na ce, "Yaya, ba ka gan ta ba."

Ya ce, "Auta, wa ya koya maka taɓa sitiyarina?"

Na rufe masa idon dama da tafina, na ɗaga yatsu. Na ce nawa ne? Sannan ya ture hannuna ya ce tun sanyin bara abin ya fara, kamar an hura hayaƙi a gilashi. Ya je wurin likita a Bologna a ɓoye, an ce ba gyara.

"Bana kawai, Auta. In gama bana da mutuncina. Ka rantse da kabarin Baba."

Na rantse. Ban san dalili ba. Na sani mana, tun ina yaro ban taɓa ce masa a'a ba.

Alhamis, 19 ga Afrilu
Mun shirya yadda za mu yi, tunda ƙarar inji ba ta barin magana. Bugu ɗaya a gwiwar Yaya, kwanar hagu mai sauƙi. Biyu, mai tsanani. In na matse cinyar, akwai mutum ko mota a hagu, ya koma dama kada ya tambaya.

Talata, 1 ga Mayu
Tseren mil dubu ya wuce. Ruwan sama tun daga garin Brescia har muka koma Brescia. Kusan awa goma sha huɗu ina zaune cikin ruwa, taswira ta zama kunu a cinyata. Mun zo na ɗaya a ajin motocinmu.

An ɗaga Yaya a kafaɗa. Jarida ta ce yana da idon shaho. Gwiwarsa ta yi baƙi da bugu, ni kuma yatsuna ba sa rufuwa.

An ce mutane sun mutu a hanya, har da 'yan kallo. Ba mu ba ne. Wannan karon.

Juma'a, 11 ga Mayu
Nives ta zo gareji da kwandon burodi da cuku, alhali ta san Yaya ba ya nan. Ta tsaya a kaina ina ƙarƙashin mota.

"Quirino, fito ka kalle ni. Me ke damun yayanka?"

Na ce gajiya ce.

Ta ce, "Ƙaryarka ma ta gaji. Mutumin da yake komawa damana in muna tafiya a titi?" Ta ajiye kwandon ta fita. Ban iya ci ba.

Laraba, 23 ga Mayu
Tseren Yuni a tsaunukan Madonie na Sisiliya. Maigida ya ce direba shi kaɗai zai shiga mota, don a rage nauyi. Zagaye goma, kowane zagaye ya ratsa ƙauyuka uku, yara suna zama a bakin ƙofa ƙafafunsu a titi.

Na kalli Yaya. Yana kunna sigari.

Asabar, 2 ga Yuni
Na roƙe shi ya ce yana ciwon baya, ya janye daga tseren. Ya ce ya haddace duk wata kwana ta hanyar. Na ce mutane fa, su ma ka haddace su? Ya ce, "Kai dai ɗaure notinka."

Lahadi, 10 ga Yuni
Na yi.

Kafin a tura motar layin farawa, na cusa guntun tsumma a tiyon mai, can kusa da tanki. Kilomita huɗu ta yi ta mutu, kafin ƙauyen farko. Yaya ya dawo da ƙafa, hular kwano a hannu. Bai kalli kowa ba sai ni.

Maigida ya zaro tsumman da kansa a gaban mutane. Ya ce, "Shekara shida, Quirino! Bakanike ne kai ko mai wankin kwano?" Na ce mantuwa ce. Yaya na tsaye yana kallo.

Litinin, 18 ga Yuni
An sallame ni. Na kwashe kayan aikina cikin akwatin Baba.

Talata, 26 ga Yuni
Sai yau na gane wautar da na tafka. Tseren tsaunukan Dolomiti ranar takwas ga Yuli, kuma wani bakanike aka ɗauko daga Ascoli zai zauna a kujerata. Bai san komai ba. Zai zauna yana kallon taswira, ya ɗauka direbansa na gani.

Alhamis, 28 ga Yuni
Na je gidan Yaya da hantsi. Yana yanka tumatir a tsakar gida.

Na ce, "Yaya, ko ka faɗa wa Maigida, ko ni in faɗa."

"Ka rantse."

"Na rantse, kuma zan karya."

Ya soka wuƙar a katako. "Tun kana goyo nake ɗaukarka. Ni na sa ka a mota. In ka taka ofishin nan, ba ni da ƙane."

Na ba shi zuwa Litinin.

Lahadi, 1 ga Yuli
Na kasa shiga coci. Na zauna a dandali har aka fito.

Litinin, 2 ga Yuli
Bai je ba. Ƙarfe goma na hau benen ofishin Maigida.

Maigida bai ba ni kujera ba. Na faɗa duka a tsaye: tsohuwar Enna, bugun gwiwa, tsumman. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Mil dubu, cikin ruwan nan, da ido ɗaya?"

Na ce da uku, har da nawa biyu.

Ya aika aka kira Yaya. Ya sa shi ya rufe idon dama ya karanta kalandar bango. Yaya bai ko gwada ba. Ya ciro safar hannunsa ta tuƙi daga aljihu ya ajiye a tebur, ya wuce ta gabana kamar ginshiƙi ne.

Lahadi, 15 ga Yuli
An gaya wa jarida ciwon baya ne. Mamma ta ce kada in zo cin abinci tukuna, sai Yaya ya huce. Nives ta aiko da kwalbar man zaitun, ba saƙo.

Laraba, 8 ga Agusta
Maigida ya mayar da ni aiki. Sabon direban da ya ɗauka ya lalata giyar motar sau biyu a wata ɗaya.

Juma'a, 7 ga Satumba
Na hango Yaya a kasuwa yana riƙe wa Nives jaka. Ya yi ƙiba. Na wuce ta hagunsa. Da gangan, ina jin.

Asabar, 6 ga Oktoba
Na gama gyaran giyar, sabon direban bai zo ba. Maigida ya ce in hau da motar tsauni in ji ko giyar tana shiga, shi zai riƙe agogo. Don gwaji kawai.

Ban yi niyyar taka totur ba. Amma kwanonin hanyar nan duk na san su, shekara shida ina ƙirga su a zaune. A gada ban ɗaga ƙafa ba. Na ji ina ihu ni kaɗai cikin tsohuwar hular kwanona.

Da na sauko ya daɗe yana kallon agogon. Ya ce na fi mafi kyawun lokacin Yaya da daƙiƙa uku. Ya ce baɗi akwai kujerar direba, in yi tunani.

Na ce masa ni bakanike ne.

Don mutanen bakin titi na hau benen nan a Yuli. Don su ne. Na maimaita wa kaina sau da yawa a hanyar gida.

Na tsaya shagon Pasqualina na tambayi ko tana da hular kwano daidai kaina. Tambaya kawai na yi. Ta ce za ta iso ranar Alhamis.