Ɗingishin Mai Tikiti

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙarfin jiki, ya gwiwar? Na san kin ce waya tana sa miki ƙugi a kunne, shi ya sa na rubuto na ba direban da ke bi ta layinku.

Inna, ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Kin tuna tsohon fim ɗin nan na tashar mota da kika fito a ciki shekara talatin da suka wuce? Kamfaninmu zai ciro shirin talabijin mai dogon zango daga cikinsa. Kuma ba a kan jarumin ba, ba a kan jarumar ba. A kan Mai Tikiti! Matar nan da kika fito a matsayinta sau biyu kacal, minti huɗu duka-duka, ita mutane suka riƙe har yau.

Darakta ya ce duk abin da mai kallo ya sani a fim ɗin sai ya sake ganinsa. An gina tagar sayar da tikitin da koren fenti, an samo agogon bango irin wancan an tsayar da shi a huɗu saura kwata. Maganar nan taki kuwa, "Saura kujera ɗaya, kar a ce ban faɗa ba," da ita za a riƙa buɗe kowane kashi.

Ga babban labarin: an ba ni kashi na shida in rubuta ni kaɗai. Shekara huɗu ina buga rubutun wasu ina gyara musu waƙafi. In wannan ya karɓu, sunana zai fito a allo, in shiga sahun marubuta. In bai karɓu ba, in koma teburina kusa da injin kwafi.

Ɗingishin Mai Tikiti na ɗauka. Kowa ya san tana ɗingishi, ba wanda ya san dalili. Sai na rubuta cewa tun tana budurwa ta faɗa gaban mota ta ceci wata yarinya. Darakta ya karanta ya ce tsikar jikinsa ta tashi. Don Allah ki faɗa min, wa ya kawo shawarar ɗingishin nan, ke ko daraktanku?

Ki huta lafiya.
'Yarki, Mai Biro

*

Zuwa ga Mai Biro,

Wa alaikis salam. Lafiya lau nake, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta.

Ke 'yar nan, so kike ki kashe ni da daɗi? Na karanta takardarki sau uku, na huɗun na kira maƙwabciyata na karanta mata da ƙarfi, ita da ta daɗe tana cewa wai a fim ɗin ƙeyata kawai aka gani. Yau bakinta ya mutu murus. Jarumar fim ɗin da aka riƙa bi da lema ana yi mata fifita, ina take yanzu? Mai Tikiti ce za ta shiga gidan kowa!

Ku gyara abu ɗaya. Agogon nan ba tsayar da shi aka yi don wata hikima ba, batir ne babu. Amma ku bar shi haka, tunda masana sun yi ta rubutu a kansa. Koren fentin kuma kada ya yi ƙyalli, namu a kwarzane yake ta gefen da ake ɗora gwiwar hannu.

Batun mota da yarinya kuwa, tabɗi! Ashe haka Mai Tikiti take da zuciya ban sani ba? Wallahi har na yi ƙwalla. Jiya na je shagon bakin layi, na ba mai shagon labarin, sai ga shi ya fito da kujera ya ce in zauna in huta ƙafa. Shekara ashirin ina sayayya wurinsa bai taɓa ba ni kujera ba.

Kin tambayi wanda ya kawo shawarar ɗingishi. To, abin ya daɗe, kai kuma ya tsufa. Mu dai ce shawara ce ta zo da kanta. Ki ci gaba da rubutunki, kada ki tsaya tone-tone.

Allah ya yi miki albarka, ya sa a karɓa.
Innarki

*

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri.

An samu matsala. Darakta ya ce a yanko fitowarki biyu daga tsohon fim ɗin a saka cikin kashina, don mai kallo ya ga tsohuwar Mai Tikiti da idonsa. Mai tace hoto ya jera su kusa da juna, sai na ji ya ce, "Kai, ku zo ku gani." Muka taru a bayansa.

Inna, a fitowar farko, inda kika zagayo daga bayan taga kika miƙa wa jarumin jakarsa, da ƙafar hagu kike ɗingishi. A ta ƙarshe, inda kika bi wata mota da gudu da wasiƙa a hannu, da ƙafar dama kike yi! Sau bakwai muka maimaita. Minti tamanin ne tsakaninsu a fim, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Amma mu da za mu jera su, ko makaho sai ya gani.

Darakta ya dafe kai ya ce, "Wace irin mota ce wannan da ke buge hagu ranar Litinin ta dawo ta buge dama ranar Laraba?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Masu kallon yanzu ba sa yafiya, tsayar da hoto suke su zana ja a kai su watsa a waya. Ya ba ni mako ɗaya. Ko in kawo dalilin da zai ɗauki ƙafa biyun, ko a cire kashi na shida gaba ɗaya.

Na ga yadda kika zille wa tambayata, Inna. Na san ki. Don girman Allah ki faɗa min gaskiya.

'Yarki

*

Mai Biro 'yata,

Amsa gaisuwarki nake, kuma ki share hawayenki, don ni tun da na karanta nake dariya har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Shekara talatin ina jiran ranar da za a kama ni, ashe 'yar yayata ce za ta kawo 'yan sandan.

To ga gaskiya. Babu mota, babu yarinya, babu shawarar kowa. Takalmi ne.

Lokacin ni da Yaya, uwarki, ɗaki ɗaya muke haya a bayan wani shagon walda. Takalmin fita kunya guda ɗaya gare mu, baƙi mai ɗan tsini, kuma nata ne. Ita ce babba amma ƙafarta kamar ta 'yar tsana, tawa kuwa kin san ta, faranti guda. Daraktanmu ya ce kowa ya zo da takalminsa. Na tura ƙafa a ciki da sabulu. Kafin a gama ɗaukar fitowar farko dunduniyar hagu ta yi bororo, ina tafiya ina cije leɓe. Darakta ya yi tsalle ya ce, "Haka nake so! Ci gaba da ɗingishin nan!" Yo ni in ce masa me?

Fitowar ƙarshe sai bayan mako uku aka ɗauka. Na yi wayo na sa reza na ɗan tsaga bayan na hagun, Yaya ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Hagu ta samu sarari, sai dama ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Ga zafi, ga rana, wa ya tuna da wace ƙafa aka fara?

Gudun nan kuma da ake ta yabo, wai an ga tausayi a fuskata, bari in faɗa miki. Ranar Yaya za ta je ganawar neman aikin koyarwa da ƙarfe biyu. Ta biyo ni tashar, ta tsaya bayan mai kamara a kan wani kwali, ƙafa ba takalmi, takardunta a hammata, tana nuna min wuyan hannunta tana zare ido. Ba motar nake bi ba, 'yata, uwarki nake tsoro. Ana cewa an gama na cire na jefa mata, ta cafe ɗaya a sama, ta sa, ta ruga. Ta samu aikin kuwa. Da yamma muka zauna bakin gado, ƙafafuna cikin ruwan gishiri, muna dariya har mai walda ya buga bango.

Na so in faɗa miki tun farko, amma labarin motar ya yi min daɗi, ga kujerar mai shago. Ki yafe min. Ban san ko wannan zai yi miki amfani ba, tunda babu jarumta a ciki. Ina kewar Yaya, wallahi. Da tana raye ita za ta ba ki labarin, kuma sai ta ƙara da cewa har yau ban gyara mata takalmin ba.

Allah ya jiƙanta, ke kuma ya ba ki sa'a.
Innarki mai faranti

*

Innata,

Barka da war haka. Inna, an karɓa! An karɓa!

Na yi kuka da na karanta wasiƙarki, don Umma ba ta taɓa ba ni labarin nan ba. Daga nan na wanke fuska na yaga motar da yarinyar na zuba a kwandon shara. Na ba Mai Tikiti yaya, ɗaki ɗaya, takalmi ɗaya. Kwana huɗu na gama.

Da na karanta a ɗakin taro, ina zuwa wurin reza Darakta ya kifa kai a tebur yana dariya yana buga shi da hannu. Mai tace hoto ya ce yanzu da gangan zai jera fitowar biyun, har ya matso da hoton kan ƙafafun, don duk mai shirin kama mu ya tarar mun riga shi. Ya ce daga yau duk wanda ya koma ya kalli tsohon fim ɗin, wani fim daban zai gani.

An ɗauke teburina daga kusa da injin kwafi. Yanzu ina da taga.

Sharaɗi ɗaya Darakta ya kafa: ke za ki ba da labarin da bakinki a farkon kashin, kina zaune a benci a tashar. Za a turo mota ranar Asabar. Mai kayan sawa ta ce in tambayi lambar takalminki, na ce ta kawo mafi girma da take da shi. Akwai kuma wani abu da na ƙara a ƙarshe, ba zan faɗa miki ba, sai kin gani.

Ki gaida maƙwabciya, da mai shago in har yana gaisuwa.
'Yarki, marubuciya

*

'Yata,

Salamu alaikum. Mun kalla jiya da yamma. Falona ya cika har bakin ƙofa, mai shago ma ya zo, ya yi fushin minti biyu sannan ya fi kowa dariya. Da sunanki ya fito na miƙe na karanta shi da ƙarfi, na hana kowa motsi sai da ya wuce.

Amma ke 'yar nan, ba ki kyauta min ba, da ba ki ce in tanadi hankici ba. Ina kallon kaina ina gudun nan na shekara talatin, sai kamara ta juya inda ba ta taɓa juyawa ba. Ga mace tsaye a kan kwali, ƙafa ba takalmi, takardu a hammata, tana zare ido.

Ban san lokacin da na ce, "Yi haƙuri Yaya, ga ni nan zuwa," ba. Kowa ya ji, kuma ban ji kunya ba.

Allah ya yi miki albarka. Ki zo ki kwana biyu.
Innarki