Ruwan da Aka Sa wa Magani

Litinin, 6 ga Yuni, 1955

Yau aka kunna famfon Ƙofar Kibo. Shi ne na farko a unguwarmu, bayan shekara biyu ana rubuta takardu, yawancinsu da hannuna, tun da ni ne magatakardan kwamitin lafiya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya. Akwai mita a jikin bututun, za a duba ta ƙarshen wata. In an ga unguwa ba ta ɗiba, sai a cire famfon a kai Tudun Jukun, inda suka daɗe suna roƙo. Sharaɗin bai dame ni ba. Wa zai bar wannan ruwa ya koma kududdufi?

Na rubuta shela, na sake ta sau huɗu, na kai wa Bala sankira. Ba ya karatun boko. Sau uku na karanta masa, ya mayar mini da ita ba ragi ba ƙari, har da wuraren da na numfasa. A Badun, can ƙasar Yarabawa, a jami'a, rubuta maganar malami muke yi don kada ta tsere mana kafin la'asar.

A jimla ɗaya ya tsaya, inda na ce an sa wa ruwan magani mai kashe cuta.

"Malam na Badun, maganin nan dole ne ya fita tare da ni?"

Na ce gaskiya ce, kuma shi ne dalilin famfon.

Ya ce, "To. Magana taka, maƙogwaro nawa."

Talata, 7 ga Yuni

Na bi shi daga nesa, ina jan keke. Ba a fili yake tsayawa ba, kamar yadda na zata. Yana neman inda katanga ta gajarta, ko lungun da bayan gidaje huɗu suka haɗu, don matan da ke ciki su ji da kunnensu. Ya faɗi tawa daidai. Sa'an nan ya bi da sauran: a yashe magudanai kafin ruwa ya yi ƙarfi, a ɗaure awaki tun da shuka ta fito, Asabar akwai lambar rigakafin agana ta yara a ƙofar gidan mai unguwa, an tsinci tunkiya mai baƙin kunne. Shekara talatin ke nan yana wannan, kuma ban taɓa jin wani ya ce Bala ya faɗi abin da ba a aiko shi da shi ba.

Juma'a, 10 ga Yuni

Famfo shiru. Kaji ne ke shan abin da ke ɗiga.

Litinin, 13 ga Yuni

Na shiga gaida Gwaggo Sailuba, ƙanwar mahaifina. Kurkunu ya fito mata a idon sawu, na biyu a shekara uku. Tana zaune ta miƙe ƙafar, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan kowace safiya. Na bana daga ruwan bara ne. Na baɗi kuwa yanzu ake shansa. Randarta cike da ruwan kududdufi.

Na tambaye ta dalili, a hankali.

Ta ce, "Ba ku kuka ce an sa masa magani ba? Ruwan da aka zuba wa wani abu ana alwala da shi? Kai da ka yi karatu har Badun."

Na ce ai ba a hana sha ba, ko da haka ne.

"Wa zai ajiye randa biyu, ta sha daban, ta salla daban? Rana ɗaya a haɗa mini su, sallar wata guda ta tafi ban sani ba. Tsutsa dai tana fita, Inuwa."

Na sani tun ina yaro cewa ruwan alwala sai wanda launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba. Sani na yi. Sau huɗu na sake takardar nan, bai zo mini ko sau ɗaya ba.

Laraba, 15 ga Yuni

An ce mutane sun tambayi limamin unguwa, Malam Zailani. Bai ce haramun ba, bai ce halal ba. Cewa ya yi, "Ban sani ba tukuna." Wannan ya ishi unguwa duka ta ajiye tulu.

Na ji haushi da farko. Daga baya na tsaya ina tunanin malamai nawa na sani, nan da Badun, da za su iya furta wannan a gaban jama'a.

Juma'a, 17 ga Yuni

Bayan an sauko daga masallaci na je zaurensa. Abokin marigayi mahaifina ne, don haka ɗan Mamman yake ce mini. Na tsara hujjojina tun a gida: ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, yawan waɗanda kurkunu ya kwantar bara lokacin noma, abin da likitoci suka tabbatar. Ya bar ni na gama tsaf.

Ya ce, "Ɗan Mamman, ban tambayi ko yana warkarwa ba. Zuma ma tana warkarwa, ba a alwala da ita. Mene ne aka zuba?"

Na faɗi sunansa da Turanci.

"Da Hausa fa?"

Na ce ban san shi da Hausa ba.

"Nawa ake zubawa, a ruwa nawa? Ka gani da idonka?"

Na ce, Allah ya gafarta Malam, ban taɓa zuwa gidan ruwan ba.

Bai yi dariya ba, ko da yake ɗalibansa biyu sun sunkuyar da kai. Ya ce, "To mu biyu ba mu sani ba ke nan. Yaushe ake barin mutane su shiga?"

Litinin, 20 ga Yuni

Mun je gidan ruwan. Na nemo mota, Malam ya ce ƙafarsa ba ta yi masa laifin komai ba. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, da laima da buta, ni ina biye ina haki.

Mai kula da injin, wani Banufe mai haƙuri, ya zagaya da mu. A tafki na farko ya nuna mana farin dutsen da ake narkarwa don laka ta kwanta. Malam ya ɗauki ɗan gutsure, ya taɓa a harshe, ya ce, "Ashe alif ne. Uwata ma tana sawa a randa in ruwa ya yi jawur." Na ji sanyi a raina.

Sai aka zo ga na biyun, hodar da ke kashe cuta. Banufen ya nuna ma'aunin, ɗan kaɗan ne ƙwarai in an gwada da tafkin. Malam ya sa aka ɗebo masa ruwa daga inda yake fita, ya kai hanci.

Akwai wari. Ni ma na ji shi daga inda nake tsaye.

Ba zan ɓoye wa wannan littafi ba: tun a hanya na yi niyyar in ja Banufen gefe, in roƙe shi ya ɗebo daga wani wuri. Ban yi ba. Ba na jin tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni. Ban dai sami sarari ba.

Malam ya zubar da ruwan, ya goge hannu. Ya ce, "A nan kam akwai wari, ba zan ce babu ba. Amma ba a nan mutanena za su yi alwala ba. Tsakanin nan da Ƙofar Kibo akwai tafiya. Sai mu ji abin da ya iso."

A hanyar komowa bai ƙara ta da maganar ba. Labarin mahaifina ya yi ta ba ni, yadda suka taɓa faɗawa rijiyar marina suna yara.

Laraba, 22 ga Yuni

Da hantsi, a gindin famfo. Malam ya ce hancinsa ya tsufa, ba zai rataya sallar mutane a kansa ba, sai ya aika aka kira Jibril mai turare daga kasuwa, wanda aka ce yana gane turaren da aka gauraya tun kwalbar tana rufe. Mutane sun taru fiye da yadda na so. Aka buɗe famfo, aka tara a ƙwarya.

Jibril ya shinshina ya ce, "Ƙarfe."

Malam ya tambaye ni ko ruwan ya daɗe a tsaye cikin bututu. Na ce mako biyu ba wanda ya taɓa. Ya ce warin mazauni daban, warin abin da aka zuba daban, amma ba zai yanke a kan ruwan da ya kwana mako biyu ba. A bar shi ya zuba yau, gobe a dawo.

Saura kwana takwas a duba mita. Abin da ya zuba yau a ƙasa ma za ta ƙidaya shi. Na rubuta adadin don in cire. Ba na son a ce da ruwan banza muka ci.

Alhamis, 23 ga Yuni

Ƙwarya uku Malam ya sa aka jera, ba tare da Jibril ya ga inda aka ɗebo kowacce ba: ruwan saman da aka tara jiya, na famfo, da na kududdufin da unguwa ke sha. Aka ɗaure masa ido da rawaninsa.

Bala ya ce, "Yau dai za a san ko hancin nan na aiki ne ko na ado."

Jibril ya ce, "Kai dai rufe baki, warin goronka yana shiga mini aiki."

Ta farko ya ce ba komai. Ta biyu ya daɗe a kanta, ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce ba komai. Ta uku ko kusantar da ita bai gama yi ba ya kau da kai.

"Allah ya gafarta Malam, in wannan ne na Turawan, a mayar musu. Kwaɗo ya yi wanka a ciki, jaki ya biyo baya."

Dariya ta hana a gaya masa gaskiya da wuri. Wani ya ce, "Shi ka sha da safe, Jibril."

Malam bai yi wa'azi ba. Ya ɗaga ƙwarya ta biyu ya duba launin a rana, ya ajiye. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a gindin famfon, ya yi alwala a natse, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai koya wa yara. Da ya gama ya ce, "Yau bai canja ba. Ran da wani ya ji ya canja, ya zo ya gaya mini, mu sake dubawa." Ya ɗauki laimarsa ya tafi.

Ban san abin da ya sa na kasa duban kowa ba.

Juma'a, 24 ga Yuni

Na rubuta shelar gyara, shafi guda, da bayanin alif da ma'auni da komai. Na karanta wa Bala sau ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce zai iya ɗauka in na ce dole.

Na tambaye shi, in shi ne, me zai ce.

Da la'asar na ji shi ta bayan katangarmu: "Jama'ar Ƙofar Kibo, mai unguwa yana gaishe ku. Liman ya yi alwala a famfo, ni Bala na gani da idona. Mai tambaya ya je wurin Liman. Kuma har yanzu ba a zo an karɓi tunkiya ba."

Litinin, 27 ga Yuni

Tuluna goma sha ɗaya na ƙirga a layi da zan wuce ofis. 'Yan ga-ruwa suna gardamar wanda ya riga zuwa.

Alhamis, 30 ga Yuni

An duba mita. Bai kai ba. Ko rabin abin da aka sa bai kai ba, bayan na cire na ranar Laraba. Kusan mako uku da aka yi ba a ɗiba ba zai cike da kwana shida ba.

A kwamiti, wakilin Tudun Jukun ya yi magana mai kyau, kuma gaskiya ya faɗa: su ma suna da masu kurkunu. Shekara biyu ina zama a ɗakin nan ina rubuta maganar wasu, ban taɓa sa tawa ba. Na nemi izini na miƙe. Na ce unguwa ba ta ƙi ruwa ba; ni na aika musu da kalmar da ta tsare su, an kuma yi mini nuni tun kafin ta fita ban ji ba. Na ce in akwai wanda za a cire, ba famfon ba ne. Na roƙi a duba na kwana shidan ƙarshe shi kaɗai.

Dole na rubuta wannan ma a cikin bayanin taro, da hannuna: magatakarda ya amsa kuskurensa.

Shugaba ya ce za a ba da amsa Litinin.

Litinin, 4 ga Yuli

Famfo ya zauna. Za a sa Tudun Jukun a farkon jerin baɗi, ni aka ba wa rubuta takardarsu, kuma zan rubuta ta da kyau.

Na biya na gaya wa Gwaggo. Tsutsar ta kusa ƙarewa. Ta sa an wanke randa an cika daga famfo, amma ta ce ruwan ba shi da daɗi, "salam, kamar ba a sha komai ba." Na ce za ta saba. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Asabar, 9 ga Yuli

Na je zauren Malam bayan la'asar. Karo na uku ke nan a makon nan. Ba wani abu ba ne. Kalma ɗaya nake son in tabbatar a babin tsarki, saboda aikin ofis. Ɗalibai sun matsa mini wuri a tabarma ba tare da an ce su matsa ba, kuma da aka zo kan layina Malam ya ce, "Ɗan Mamman, ja," sai na ja karatun. Na yi tuntuɓe sau biyu, wani mai sayar da fata ya gyara mini.

Gobe Lahadi, ba ofis. An ce da hantsi ake farawa.