Inna, gonarki ta tashi daga inda kinka bar ta

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da makwancinki. Ɗiyarki ce Hadiza, daga Wurno.

Kwanakin baya na tafi Rimawa, don ƙanena Umaru ya aiko in zo a raba gonar fadama da kinka bar muna. Na hau mashin ina ganin ko ido rufe ina kai kaina. Inna, na tsaya bakin gonar ban gane ta ba.

Kin tuna tsamiyar gabas, wadda kike shimfiɗa ma Umaru zane ƙarƙashinta in kina roron wake? Babu ita. Gulbi ya dinga cin gaɓa, damina bayan damina, har ya tafi da ita, ya haɗa da wajen rabin gonar. Amma da na taka gonar, sai na ga ba ta ragu ba. Kamar ma ta fi da faɗi.

Sai da na ga albasa koriya shar inda shanu ke bi a da, sannan na fahimta. Abin da ruwa ya ci a gabas, Umaru da ke noma gonar ya rama shi a yamma, cikin burtali. Ba shi kaɗai ba, kowa ya ja kunyar gonarsa gaba kaɗan, har hanyar ta ɓace.

Muna tsaye sai ga Buba, ɗan Goggo Habi, Bafulatanar da kuke musayar nono da gero, wadda kike cewa ƙwaryarta ba ta san ruwa ba. Ya yi furfura, Inna. Ya gaishe ni, ya jingina da sandarsa, ya ce, "Adda, ta ina zan bi da shanuna su sha?" Umaru ya amsa kafin in buɗe baki: "Ni ma gulbi bai tambaye ni ta ina zai bi ba. Mi zan ba iyalina?"

Na dubi wannan, na dubi wancan, na rasa marar gaskiya.

Ƙetaren gulbi kuma sabuwar ƙasa ta fito, mutanen can sun shuka shinkafa. Umaru ya rantse ƙasarki ce ruwa ya kai musu. Su ko sun ce Allah ya ba su. Kawu Sule na Rabah yana da gona har da saura, amma ta koma daji, don tsoron 'yan bindiga ya hana kowa zuwa. To ƙasar noma ƙaruwa take ko raguwa? Kowa na tambaya, amsarsa daban.

Da dattawa sunka zo rabo, bayan an cire albasa, na ce a yanka min nawa ta yamma, cikin tsohon burtali, kuma ba zan shuka komi ba. Umaru ya kaɗa riga ya tafi, har yau bai kira ni ba. Maigidana ya ce kowa ya gaji gona, ni na gaji hanya.

Abin da ya fi ci min rai, hanyar ma ba ta kai ruwa ba. Gonar maƙwabci ta tare gaba, shi kuma ya ce sai an girbe zai yi tunani. Shanun Buba suna zuwa ƙarshen rabona su tsaya, suna jin ƙamshin gulbi.

Inna, da kina nan da kin faɗa min abin da na yi. Ban sani ba ko kyauta na yi, ko kayan mutane na mayar, ko ɗan'uwana kawai na ɓata ma rai a banza.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya zuciyar Umaru, ya nuna muna gaskiya mu bi ta.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza