An Bar Gidana a Kan Katako

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Duba Gine-gine
Daga: Baba Maƙeri, gidan kusurwa, layin bayan kasuwa
Kwanan wata: 9 ga Satumba
Game da: Gyaran harsashin gidana da aka fara aka watsar

Ranka ya daɗe,

Ɗan kwangilar da ofishinku ya turo ya tone gindin gidana, ya tafi ya bar shi a rataye. Bayan gaisuwa da girmamawa, ga ƙorafina.

1. A ranar 3 ga Yuli jami'inku ya zo ya ce kusurwar gabas tana nutsewa. Ban musa ba. Ƙofar ɗakina ta daɗe tana cijewa, kuma in ruwa ya zube a ƙasa can yake gangarawa. Da ya faɗa mini a cikin gida, da ya wadatar. Sai ya fita ya shafa jar alama a bangon da ke kallon titi, tsayin mutum. Tun ranar, masu wucewa bango suke fara kallo kafin su gaishe ni.

2. A ranar 20 ga Yuli ɗan kwangila ya iso. Da bakinsa ya ce aikin rami-rami ake yin sa: a tona ɗaya, a sa jak a ɗaga bango, a gwada da tiyon ruwa a ga ya daidaita, a zuba kankare ya bushe, sannan a tona na gaba. Rami biyu ya yi haka. Da wani aiki ya taso masa, sai ya sa leburori suka tone tsawon bangon gaba ɗaya.

3. Aka yi ruwa, ramin ya cika. Ya kwashe jak ɗinsa ya kai wurin wancan aikin, ya tokare mini gida da katako da bulo. Kusurwar ta ƙara sauka, bango ya buɗe. Yau wanda ya tsaya a titi yana hango gadona. Na rataya tabarma, iska ta ɗauke.

4. A ranar 2 ga Agusta jami'inku ya dawo, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya hana mu kwana a ciki. Tun ranar ni da mai ɗakina muna gidan mijin 'yata. Ranka ya daɗe, babba ne kai, ka san abin da wannan yake nufi. Yaron bai yi mini laifi ba. Ɗakinsa ya bar mana, shi yana kwana a falo. Da safe yana durƙusawa ya gaishe ni, ni kuwa ina zaune a bakin gadonsa. Ba na cin abinci sai ya fita. In zan zaga, sai na ratsa ta gabansa da buta a hannu. A gidana ya durƙusa ya nemi aure. Yanzu shi ke tambaya ko sabulu ya ishe mu.

5. Na zo ofishinku ba sau ɗaya ba. Kullum benci ake nuna mini, a ce mai sa hannu ya fita. Ɗan kwangila kuwa ya daina ɗaukar waya.

Ba sadaka nake roƙo ba. Da guduma na gina gidan nan, ɗaki bayan ɗaki. Ina roƙon Mai Girma ya umarci ɗan kwangilar ya dawo ya ƙarasa yadda ya faɗa, ko a turo wani kafin ruwa ya kai bangon ƙasa. A goge jar alamar. A ba ni mabuɗina.

Ina mai biyayya da ladabi. Allah ya ƙara girma.

Baba Maƙeri

Ƙari: Ban so rubuta wannan ba, amma ya kamata ka sani. Jiya na ce wa mai ɗakina ta haɗa kaya, zan fasa kwaɗon mu koma, gara bangon ya faɗo mini. Matar nan tun da na aure ta ba ta taɓa mayar mini da magana ba. A gaban 'yarmu da mijinta ta ajiye tsintsiya, ta dube ni, ta ce, “Malam, ba zan koma ba.”